Gadar Millau: Yadda Babbar Hanya Ta Ƙi Sauka Cikin Kwari

Kafin watan Disamba na 2004, duk direban da ya taso daga Paris ya nufi gaɓar Bahar Rum ta tsakiyar Faransa ya san akwai wuri guda da tafiyarsa za ta cije, wato garin Millau. Garin yana zaune ne a gindin wani kwari mai zurfi, inda kogin Dourbie yake haɗuwa da kogin Tarn, kuma shimfiɗaɗɗun tuddai biyu na dutsen farar ƙasa sun sa shi a tsakiya, Causse Rouge daga arewa, Larzac daga kudu. Tsohuwar hanyar ƙasa mai lamba 9 takan gangaro daga tudun arewa tana lanƙwashe-lanƙwashe, ta kutsa cikin gari, ta haye kogi, sannan ta sake kama hawan ɗaya tudun. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da Turawa suke tururuwa zuwa bakin teku da Sifaniya domin hutu, motoci kan yi jerin gwano na kilomitoci masu yawa, matafiya su shafe awanni a wurin da bai kamata ya ci musu rabin awa ba, mutanen gari kuma su wuni cikin hayaƙi da ƙarar inji.

Gwamnatin Faransa ta riga ta ƙuduri aniyar shimfiɗa babbar hanyar A75 daga Clermont-Ferrand zuwa Béziers, tafiyar kimanin kilomita 340, domin ta buɗe yankin tsaunukan tsakiyar ƙasar da aka daɗe da barinsa a baya, ta kuma rage wa hanyar kwarin Rhône lodin da ya yi mata yawa. Hanya ce ta kan tudu ƙwarai, domin akwai inda take hawa sama da mita 1,100 daga matakin teku. An yi ta gina ta gaɓa-gaɓa daga arewa da kudu, amma kwarin Tarn ya tsaya a tsakani, kuma muddin ba a haye shi ba, duk abin da aka kashe a sauran sassan bai biya cikakkiyar buƙata ba.

Mutane da yawa sun san gadar da aka gina a wurin saboda tsayinta, kuma hotunanta da take leƙowa daga cikin hazo sun zaga duniya. Ni dai a matsayina na mai sha'awar yadda ake tsara hanyoyi, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shawarar da ta haifi gadar, wadda aka yanke shekaru goma kafin a aza harsashin ginshiƙi ko ɗaya. Kusan kowace siffa ta wannan gada, tun daga tsawonta da tsayinta har zuwa ɗan karkacewar da ta yi, amsa ce ga wata buƙata ta hanya da direban da zai bi ta.

An fara nazari a 1987, kuma tambayar farko ita ce ta ina hanyar za ta bi. An auna hanyoyi huɗu. Ta gabas can nesa da gari tana buƙatar manyan gadoji biyu, ɗaya a kan Tarn ɗaya a kan Dourbie, masu tazarar da ta kai mita 800 zuwa 1,000 ba tare da ginshiƙi ba, sannan za ta bar Millau a gefe ba tare da mashiga mai sauƙi ba. Ta yamma can nesa ta fi sauƙin gini, amma ta fi tsawo da kusan kilomita 12, kuma za ta ratsa kusa da ƙauyukan da suke da kyan gani da tarihi. Wadda take bin sawun tsohuwar hanya za ta yi wa garin hidima sosai, sai dai za ta kawo manyan motoci har bakin gidajen jama'a. Ta huɗu, wadda ta bi yamma da gari kaɗan, ita ce mutanen yankin suka fi na'am da ita, ko da yake masana ƙasa sun yi ɗari-ɗari da yanayin duwatsun wurin, har sai da bincike ya nuna cewa matsalar ba ta fi ƙarfin injiniyoyi ba. A watan Yuni na 1989 aka tsayar da ita.

Daga nan ne ainihin muhawarar ta taso, domin ko a kan wannan layi akwai zaɓi biyu. Ana iya gangarowa da hanyar cikin kwari, a haye kogin da gajeriyar gada, a ɗora da wata doguwar gada a gefen tudu, sannan a huda dutsen Larzac a fita ta sama. Ana kuma iya barin hanyar a matakin da take a kan tudu, a miƙa ta kai tsaye zuwa ɗaya tudun, ta wuce sama da kogin da fiye da mita 200. A tashin farko zaɓin ƙasa ya fi kama da abin da hankali zai ɗauka, tunda ba a taɓa gina ginshiƙan gada masu irin wannan tsayi ba. Amma wanda ya san abin da doguwar gangara take yi wa babbar mota mai ɗauke da tan arba'in zai fahimci dalilin da ya sa aka guje shi. Direban tirela da yake saukowa kilomitoci a kan gangara yana dogara ne da giya da birki, kuma birki idan ya yi zafi ya wuce kima sai ya daina kamawa. A wajen hawa kuma tirelar takan koma tafiyar hawainiya yayin da ƙananan motoci suke tahowa a guje ta bayanta, kuma wannan bambancin gudu yana cikin manyan abubuwan da suke haddasa haɗari a manyan hanyoyi. Ga ƙarin man da za a ƙona a kowace sauka da hawa, kullum, har tsawon rayuwar hanyar. Ban da wannan, huda dutsen farar ƙasa yana iya taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa da yankin yake dogara da shi, hanyar za ta ƙara tsawo, kuma hayaniyar za ta dawo kusa da garin da ake son a sauwaƙe masa.

A watan Oktoba na 1991 gwamnati ta zaɓi hanyar sama. A ganina wannan ita ce rana mafi muhimmanci a tarihin aikin, domin a ranar ce aka amince a jure wahalar gini ta shekaru uku ko huɗu a maimakon a ɗora wa direbobi wahalar sauka da hawa ta shekaru ɗari. Tun ran gini ran zane, kuma kuskuren da aka yi wajen zaɓen layin hanya ba ya gyaruwa da sabuwar kwalta ko ƙarin allunan gargaɗi.

Injiniyan da ya fi tsayawa kai da fata a kan wannan tunani shi ne Michel Virlogeux, wanda a lokacin yake aiki a hukumar nazarin hanyoyi ta gwamnati, kuma shi ne ya tsara gadar Normandie da aka buɗe a 1995. Bayan an nemi ra'ayin injiniyoyi da masu zanen gine-gine da dama, sai aka ba ƙungiyoyi biyar aikin zurfafa siffofi biyar na gada, ciki har da wata ƙatuwar baka ta kankare mai faɗin kusan mita 600 a kan kogin. Bakar tana da ban sha'awa a takarda, amma tana girmama kogin ne fiye da matsayinsa, alhali Tarn a wannan wuri siririn ruwa ne a gindin kwarin da faɗinsa ya kusa kilomita biyu da rabi. Ƙungiyar da ta haɗa da ofishin Norman Foster, mai zanen gine-gine ɗan Birtaniya, ta ɗauki kwarin gaba ɗaya a matsayin abin da za a haye, ta jera ginshiƙai masu tazara iri ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, kowanne da hasumiya da igiyoyin ƙarfe a kansa. A watan Yuli na 1996 alƙalan gasar suka zaɓi wannan tsari.

Ba a rasa masu adawa ba, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Ƙungiyoyin kare muhalli sun ce gini mai wannan girma zai danne kyan kwarin. 'Yan kasuwar Millau sun ji tsoron cewa idan matafiya suka daina ratsa gari, masu masauki da gidajen abinci za su rasa ciniki. Wasu kuma sun ce iskar wurin da tsayin ginshiƙan sun wuce abin da aka taɓa gwadawa. Sai da aka kai ruwa rana a kan batun kuɗi ma, domin an yi alkawarin cewa A75 za ta zama kyauta, sai ga shi baitulmali ba ta da abin da za ta gina gadar da shi a kan lokaci. A ƙarshe aka miƙa aikin ga kamfanin Eiffage a 2001, bisa yarjejeniyar cewa zai gina da kuɗinsa, kimanin Yuro miliyan 400, ya riƙa karɓar kuɗin wucewa na tsawon shekaru 75. An aza tubalin farko ranar 14 ga Disamba, 2001. Nazari da muhawara sun ci shekaru goma sha huɗu, ginin kansa kuma shekaru uku.

Tsawon gadar mita 2,460 ne, an raba shi gida takwas: shida na tsakiya kowanne mita 342, biyu na gefe kowanne mita 204. Ginshiƙai bakwai ne suke ɗauke da ita, mafi gajarta bai kai mita 80 ba, mafi tsayi kuma, na biyu daga arewa, ya kai mita 245. A kan kowane ginshiƙi akwai hasumiyar ƙarfe mai tsayin mita 87, wadda igiyoyi goma sha ɗaya suke fita daga kowane ɓangarenta suna riƙe tsakiyar titin, jimilla 154. Daga gindin ginshiƙi mafi tsayi zuwa ƙolin hasumiyarsa ya haura mita 335, wato ya ɗara Hasumiyar Eiffel, kuma direba yana wucewa ne kimanin mita 270 sama da ruwan Tarn.

Akwai wasu alƙaluma biyu da ba a cika ambata ba, waɗanda su ne suka fi nuna cewa masu tsara hanya ne suka yi wannan aiki. Na farko, gadar ba a kwance take daram ba, tana gangarowa daga kudu zuwa arewa da kashi 3 cikin ɗari da ɗan ɗoriya, domin tudun Larzac ya fi na arewa tsayi. A tsawon gadar wannan ya kai bambancin kusan mita 74, amma gangara ce da tirela take hawa ba tare da ta galabaita ba, take kuma sauka ba tare da ta ƙona birki ba, sannan ruwan sama yana samun hanyar gudu. Na biyu, gadar ba miƙaƙƙiya ba ce sak, tana da lanƙwasa mai taushi ƙwarai, irin wadda za a samu a jikin da'irar da nisan tsakiyarta zuwa bakinta ya kai kilomita 20. Direba ba ya jin yana shan kwana, hannunsa kusan ba ya motsi a kan sitiyari, amma idonsa yana amfana. Da a miƙe take, hasumiyar farko za ta rufe sauran shida, mutum ya rasa abin da zai auna nisa da gudunsa da shi a wurin da babu bishiya ko gini a gefe, sai sarari. Saboda wannan ɗan lanƙwasa, hasumiyoyin bakwai suna bayyana a jere ɗaya bayan ɗaya, direba yana ganin inda hanyar ta nufa da abin da ya rage masa. Masu tsara hanyoyi sun daɗe da sanin cewa doguwar miƙaƙƙiyar hanya tana kawo gyangyaɗi da wuce ƙa'idar gudu, kuma a nan an yi amfani da wannan sani a wurin da kowane santimita na lanƙwasa yake ƙara wa lissafin ƙarfe wahala.

Matsalar da ta fi wuya a gada irin wannan ita ce yadda ginshiƙi zai zama mai tauri da laushi a lokaci guda. Idan manyan motoci suka taru a gaɓa ɗaya, wato tsakanin ginshiƙai biyu, nauyinsu yana jan igiyoyi, igiyoyi su ja hasumiya ta rusuna wajen nauyin, gaɓar da take makwabtaka kuma ta ɗaga sama. A gadar da take da hasumiya biyu kacal ana ɗaure igiyoyin baya a wuri mai ƙarfi kusa da gaɓar kogi, amma a nan hasumiyoyin tsakiya ba su da abin kamawa sai ginshiƙin da suke kai, don haka dole ginshiƙin ya ƙi juyawa. A ɗaya ɓangaren kuma, doron gadar, wato shimfiɗar da titin yake kai, ƙarfe ne mai tsawon kusan kilomita biyu da rabi, wanda yake miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma bakinsa yana iya matsawa da santimita masu yawa tsakanin hunturu da bazara. Idan gajerun ginshiƙan da suke gefe suka yi tauri suka ƙi bin wannan motsi, sai dai wani abu ya tsage.

Maganin da aka samo yana da sauƙin gani da ido. Kowane ginshiƙi yana tasowa ne a dunƙule, amma a mita 90 na ƙarshe sai ya rabu gida biyu, siraran ƙafafu biyu masu tazara a tsakaninsu. Ƙafafun hasumiyar da take sama su ma a ware suke, kowace tana sauka daidai kan ɗaya. Abin ya yi kama da mutumin da ya ware ƙafafunsa yana ɗauke da kaya: da wuya a kayar da shi gaba ko baya, amma yana iya ɗan karkata jikinsa gaba ɗaya ba tare da ya ɗaga tafin ƙafa ba. Da wannan dabara guda aka biya buƙatu biyu masu karo da juna, kuma ita ce ta ba gadar wannan siffa siririya da mutane suke ɗauka ado ne kawai.

An kafa kowane ginshiƙi a kan rijiyoyi huɗu da aka haƙa cikin dutse, kowace mai faɗin mita 5 da zurfin da ya kama daga mita 9 zuwa 16, aka cika su da kankare da rodi. Daga nan aka riƙa hawa da wani akwatin zuba kankare mai ɗaga kansa da kansa, ana zuba mita 4 a duk kwana uku, ana duba daidaiton ginin da na'urorin tauraron ɗan adam domin kada kuskure ya wuce 'yan milimita. Tun da faɗin ginshiƙin yana raguwa yayin da yake hawa, sai an sake daidaita akwatin a kowane zubi. Kafin ƙarshen 2003 duka bakwai sun kai matsayinsu.

Eiffage ya gabatar da doron ƙarfe a maimakon na kankare, kuma wannan zaɓi ne ya sauya yadda aka yi aikin baki ɗaya. Doron yana da faɗin mita 32 da kaurin mita 4.2, nauyinsa kimanin tan 36,000, wanda ya gaza na kankare nesa ba kusa ba. An ƙera sassansa a masana'antun kamfanin da suke Lauterbourg da Fos-sur-Mer, aka kawo su a manyan motoci, aka yi musu walda a filaye biyu da aka share a bayan kowane bakin gadar. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan aikin haɗa ƙarfe an yi shi ne a ƙasa, ma'aikaci yana tsaye a kan ƙafafunsa, ba a rataye a sararin sama ba. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai wannan doguwar shimfiɗa kan ginshiƙai, kuma a nan ne ofishin injiniyoyi na Greisch daga Beljiyam ya taka muhimmiyar rawa.

Tura doron gada daga baki zuwa tsakiya tsohuwar dabara ce, amma yadda aka saba yi, wato a tura daga baya doron yana goga kan ginshiƙai, ba zai yiwu a nan ba, domin gogayyar za ta riƙa tankwara ginshiƙi mai tsayin mita 245 daga samansa. Sai aka ɗora na'urorin turawa a kan kowane ginshiƙi, yadda ƙarfin turawar zai tsaya a cikin na'urar. Kowace na'ura tana da ƙarafa biyu masu siffar gatari, ɗaya a kan ɗaya. Jak mai aiki da matsin mai yana tura na ƙasa ya shige ƙarƙashin na sama, sai doron ya ɗaga da kimanin santimita 2 daga mazauninsa. Wani jak ɗin kuma ya ja na sama gaba, ɗauke da doron, tazarar santimita 60. Sai a janye na ƙasa, doron ya sauka ya zauna, na sama ya koma baya fanko, a sake farawa. Kowane zagaye yana ɗaukar kusan minti huɗu, kuma kwamfuta ɗaya ce take haɗa dukkan na'urorin domin su motsa tare, tunda idan ɗaya ta riga sauran, ginshiƙin da take kai ne zai sha wahalar. Da santimita sittin-sittin ɗin nan aka tura dubban tan na ƙarfe a kan sarari.

Tazarar mita 342 ta yi wa bakin doron yawa ya miƙa shi kaɗai, don haka aka kafa dogayen madogarai na wucin gadi guda bakwai, na ƙarfe masu jan fenti, ɗaya a tsakiyar kowace gaɓa, suka raba tazarar zuwa mita 171. Gaɓar da take kan kogin ce kaɗai ba a sa mata ba, domin a nan ne ɓangarorin biyu za su haɗu. An kuma ɗora hasumiya guda da igiyoyinta a gaban kowane ɓangare tun daga farawa, domin ta riƙe bakin kada ya sunkuya kafin ya kai madogara ta gaba. Ba a fara turawa sai masu hasashen yanayi sun tabbatar da kwanaki na lafawar iska, saboda lokacin da bakin doron yake rataye tsakanin madogarai biyu shi ne lokacin da ginin ya fi rauni. An turo mita 1,743 daga kudu, mita 717 daga arewa, kuma duk wannan ana yi ne a kan gangara da lanƙwasa, ba a kan miƙaƙƙen layi ba. Ranar 28 ga Mayu, 2004, bakunan biyu suka haɗu a saman Tarn. Bayan haka aka kwanto sauran hasumiyoyi biyar a kan doron, aka kai kowace kan ginshiƙinta, aka tayar da ita tsaye, aka ɗaure igiyoyi, sannan aka kwance madogaran.

Iska ta sami kulawa ta musamman. An gwada ƙaramin samfurin gadar a ɗakin gwajin iska da yake Nantes, aka ba doron siffar fiffiken jirgin sama a kife, yadda iska za ta ratsa shi ba tare da ta ɗaga shi ba. A gefe biyu an kafa shinge mai tsayin mita 3 wanda ake gani ta cikinsa, yana rage ƙarfin iskar da take bugun motoci da kusan rabi. Da an toshe shi gaba ɗaya da ya kare motoci sosai, amma da ya zama bangon da iska za ta riƙa tunkuɗa, nauyin kuma ya koma kan ginshiƙai, shi ya sa aka bar ratsi-ratsi a jikinsa.

Ita ma kwaltar ba irin ta ko'ina ba ce. Farantin ƙarfe yana ɗan lotsawa a ƙarƙashin kowace taya, yana kuma ɗaukar zafi da sanyi fiye da ƙasa. Kwalta mai tauri za ta tsattsage a kansa, mai laushi kuma za ta yi kwari a sawun tayoyin manyan motoci idan rana ta take. Sai da aka shafe kusan shekaru biyu ana gwaji kafin a sami haɗin da ya tsaya tsakani, aka shimfiɗa shi siriri domin kada ya ƙara nauyi, cikin 'yan kwanaki a watan Satumba na 2004. Shugaba Jacques Chirac ya ƙaddamar da gadar ranar 14 ga Disamba, 2004, aka buɗe ta ga motoci bayan kwana biyu, 'yan makonni kafin wa'adin da aka ɗiba.

Cunkoson bazara ya bar tsakiyar Millau, kuma fargabar 'yan kasuwa ba ta tabbata yadda suka zata ba, domin gadar da kanta ta zama abin da yake jawo baƙi. Wannan ma ya zo da tasa matsalar da ba a yi tsammani ba, tunda direbobi sun riƙa rage gudu domin kallo da ɗaukar hoto a kan hanyar da aka tsara don gudu, har aka rage iyakar gudun daga kilomita 130 zuwa 110 a awa. An kuma gyara wani tsohon gidan gona a bakin arewa ya zama wurin hutawa mai dandalin kallo, wanda a ra'ayina ya kamata a ɗauke shi a matsayin ɓangare na tsaron hanyar, domin wanda ya san akwai inda zai tsaya ya more kallo ba zai taka birki a tsakiyar gada ba.

Inda nake da ja shi ne batun kuɗin wucewa. Shingen karɓar kuɗin yana kimanin kilomita 4 arewa da gadar, kuma kuɗin yana ƙaruwa a watannin bazara, daidai lokacin da aka fi buƙatar motoci su kauce wa gari. Duk motar da direbanta ya ga kuɗin ya yi masa yawa ya gangara ta tsohuwar hanya, ta koma cikin matsalar da aka kashe Yuro miliyan 400 domin a kawar. Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa ba don wannan yarjejeniya ba da gadar ta ƙara shekaru a takarda, kuma an sa mata sharuɗɗa masu ma'ana. Gwamnati tana da ikon karɓe gadar tun daga wajen 2045 idan kuɗin da kamfanin ya tara ya wuce wani adadi da aka ƙayyade. Kamfanin da ya gina shi ne zai kula da ita, saboda haka duk arahar da ya nema a wajen walda ko fenti shi za ta dawo wa. Wannan ne ya sa aka cika gadar da na'urorin da suke auna ƙarfin iska, girgizar doro, karkatar ginshiƙai, zafin ƙarfe da miƙewar kankare a gindin ginshiƙi mafi tsayi, suna aika bayanai zuwa ofishin kulawa dare da rana.

Tuni wasu gadoji a ƙasar Sin suka wuce ta a nisan da yake tsakanin titi da ruwa, kuma hakan bai rage komai daga aikin da take yi wa A75 ba. An tsara ta ne domin ta yi shekaru 120, yarjejeniyar kamfanin kuma za ta ƙare a ƙarshen 2079, wato gwamnatin Faransa za ta karɓi gadar da sauran fiye da shekaru arba'in a lissafin rayuwarta. Halin da za ta same ta a ciki ya danganta ne da yadda aka kula da fentin da yake kare ƙarfe daga tsatsa, da igiyoyi 154 da aka tsara yadda za a iya sauya wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, da kuma mahaɗan bakin gada biyu da suke buɗewa suna rufewa tare da zafi da sanyi a kowace shekara.